Ranar da Gidan Injiniya Ya Yi Barci

Injiniya dai bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana buga hatimi a wani ofishin ajiye takardu har ya yi ritaya. Sunan ya samo shi ne ranar da ya karɓi fankar maƙwabcinsa ya ce minti biyar ya ishe shi ya gyara ta, ya dawo da ita bayan kwana tara tana juyawa da baya. Mutanen layi suka fara kiransa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Wata Asabar da hantsi ya shigo gida da kwalaye bakwai, yana nishi yana murmushi. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ita ce shugabar makarantar firamaren da ke bayan layinsu, tana zaune a falo tana duba littattafan ɗalibai.

"Malama, ki kalli gidan nan da kyau," in ji shi. "Yau ce rana ta ƙarshe da za ki gan shi jahili."

"Gidan ne jahili?"

"Ƙwarai. Shekara nawa muna cikinsa, ya taɓa amsa miki magana? Daga yau fitila za ta ji umarni, ƙofa za ta san mai gidanta, labule zai rufe kansa. Ina zaune a nan, da baki kawai zan juya gidan nan."

"Ai da ma da baki kake juya shi," in ji Malama, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya zazzage kayan a tsakar falo: ƙwayayen fitila, sabon makullin ƙofa marar ɗan mabuɗi, injin jan labule, lasifikar da za a maƙala a waje, da wata na'urar shara mai kama da faranti da ke yawo da kanta. Sai wani ɗan akwati kamar gwangwanin madara, wanda shi ne zai riƙa jin magana yana isar wa sauran. Malama ta tsinci littafin bayani daga ƙasa ta miƙa masa.

"Ajiye," ya ce. "Wannan na masu koyo ne."

Kwana huɗu ya yi yana hawa kujera yana sauka. Da aka zo sa wa ɗan akwatin suna, bai yi dogon tunani ba. Duk tsawon aikinsa na ofis bai taɓa samun masinja nasa na kansa ba, don haka ya raɗa masa Masinja, ya kuma koya masa ya riƙa amsawa da "An gama, Yallaɓai."

Ranar gwajin farko ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi gyaran murya.

"Masinja, kunna fitilar falo."

"An gama, Yallaɓai."

Fitila ba ta kama ba. Suka ɗaga kai suna kallon sama. Can sai suka ji wani gurnani daga bayan gida.

"Wannan ƙarar mene ne?" Malama ta tambaya.

"Yana shiri ne. Sai ya ɗumama tukuna."

Ashe injin tura ruwa ne ya tashi. Tankin da ke kan rufi da ma a cike yake, nan da nan ya fara ambaliya ta kan katanga, daidai kan igiyar shanyar maƙwabciyarsu, Maman 'Yan Biyu. Ba a yi minti uku ba sai ga ta a bakin ƙofa, riƙe da zanin gado yana ɗiga.

"Injiniya, tun safe nake wankin nan. Ko kai ma tausayina ka ji ka ƙara mini ɗauraya?"

"Maman 'Yan Biyu, ki yi haƙuri, ɗan saɓanin suna ne. Fitila ya ji a matsayin famfo."

"To ka gaya masa ni ma ina da sunan da zan kira shi, in ya sake."

Ya koma ya gyara. Bayan gyaran, in ya ce a kunna fanka sai labule ya rufe, in ya ce a rufe labule sai fanka ta tashi. Ya ce wannan ba matsala ba ce, haddacewa kawai za a yi. Ya rubuta a takarda ya manna a bango: mai son fanka ya ce labule, mai son labule ya ce fanka. Malama ta karanta ta ce ita dai da hannunta za ta ci gaba da taɓa makunni, tun da bai mutu ba.

Abin da Injiniya ya manta shi ne, a makarantar Malama akwai masinja na gaske, mai jini da tsoka. Wata rana da yamma tana waya da mataimakinta, ta ce, "Ka gaya wa masinja ya buɗe ƙofa ya fara shara tun da wuri."

"An gama, Yallaɓai," in ji ɗan akwatin.

Wannan karon, cikin ikon Allah, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ƙofar gida ta buɗe, na'urar shara ta taso daga lungunta, ta bi ta ƙofar ta fice abinta. Injiniya yana banɗaki. Kafin ya fito, ta share gaban gida uku, ta haɗiye igiyar takalmin wani mai wucewa, tana shirin hawa titi. Mai Kemis ɗin da ke kan kwana ne ya kamo ta, ya rungumo ta a hammata, mutane biyar na biye da shi suna dariya.

"Injiniya, ga kunkurunka ya tsere."

"Ba tserewa ya yi ba," in ji Injiniya yana gyara ɗaurin tawul. "Ni na aike shi ya san unguwa."

Ana cikin wannan ne 'yarsu ta kawo ziyara. Ita ce autarsu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a ɗaya ɓangaren gari, kuma ita kaɗai ce Injiniya ke shakka a duniya. Ta zo da sakamakon gwajin jinin da aka yi masa, da wani ɗan baƙin agogo.

"Baba, likita ya ce suganka ya hau. Ya ba ka wata biyu. Kullum taki dubu takwas. In ya sauka, shi ke nan. In bai sauka ba, allura za a koma yi maka kullum."

Injiniya mutum ne da zai iya ba ka labarin yadda ya kama maciji da hannu, amma in ya ga allura sai an riƙe shi.

"Dubu takwas kawai? Auta, ni da nake yin dubu ashirin kafin karin kumallo lokacin ina aiki?"

"Madalla. Agogon nan zai ƙirga, kuma duk abin da ya ƙirga ina gani a wayata."

Ta ɗaura masa ta tafi. Washegari da yamma ta kira.

"Baba, taki ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Agogon ne bai gama sanina ba."

"Ya san ka sarai," Malama ta ɗaga murya daga kicin. "Da can ko don kashe fitila yana tashi. Yanzu daga kujera sai kujera, Masinja kaza, Masinja kaza."

Da Auta ta kashe waya, Injiniya ya zauna yana nazarin agogon, ya gano cewa motsi yake ƙirgawa. Ya fara kaɗa hannu yana zaune, kamar mai korar ƙuda. Bayan rabin awa kafaɗarsa ta riƙe, taki ɗari tara kacal ya samu. Washegari ya hau tebur ya ɗaure agogon a fiffiken fankar sama, ya ce wa Masinja labule. Fanka ta tashi. Zagaye na goma agogon ya kwance, ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin shayin Malama.

"Wannan kuma wane gwajin ne?" ta tambaya tana tsamo shi da cokali.

"Ina duba ko da gaske ba ya jin ruwa."

A rana ta uku ya fita ƙofar gida yana tunanin allura, sai idonsa ya faɗa kan shagon Tela da ke fuskantar gidansa. Tela abokinsa ne tun suna 'yan makaranta, siriri, marar hayaniya, kuma har yau da keken ɗinki na ƙafa yake aiki. Injiniya ya tsaya yana kallon ƙafar nan tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka. Fuskarsa ta washe. Ya tsallaka.

"Tela, kana so sunanka ya shiga tarihin kimiyya?"

"A'a."

"Ba ka ji bayanin ba tukuna."

"Na ji na fanka, ya ishe ni."

"Wannan ba gyara ba ne. Ɗan agogon nan kawai zan ɗaura maka a idon sawu, ka ci gaba da ɗinkinka. Da yamma na zo na karɓa."

Tela ya dakatar da keke ya dube shi ta saman tabarau. "Wato ni in yi tafiyar, kai ka samu lafiyar."

"Na ɗan lokaci ne, kafin in saba. Allura fa za su yi mini, Tela. Kullum. Ka tuna yadda muka yi ranar rigakafi muna aji uku."

Tela ya tuna. Malamai huɗu ne suka danne Injiniya. Ya yi ajiyar zuciya ya miƙa ƙafa.

Ran nan agogo ya ƙirga taki dubu goma sha huɗu. Washegari dubu sha bakwai. Auta ta kira tana murna, Injiniya ya ce ai ya gaya mata, jikinsu na mutanen da ne. Malama ta dube shi ta dubi tumbinsa.

"Yaushe kake wannan tafiyar?"

"Kina makaranta. Ni ba na motsa jiki don a gani."

Sati uku ana haka. Da Injiniya ya ga komai na tafiya daidai, sai kansa ya ƙara girma. Ya kwana biyu yana latse-latse a waya har ya haɗa agogon da gidan gaba ɗaya, ya zauna yana yi wa Malama bayani yana lissafawa da yatsu.

"In agogo ya ga na yi barci, labule zai rufe, fitila da fanka su mutu, ƙofa ta kulle, kuma Masinja ba zai saurari kowa ba sai na farka. Ba mai dama mini barcin rana. In kuma ya ga na faɗi, jiniya za ta tashi a waje, ƙofa ta buɗe don masu ceto, a kira Auta nan take."

"Fanka ma ta mutu? A zafin nan?"

"Iskar fanka na sa ni mura in ina barci. An yi lissafin komai, Malama."

Abu irin wannan ba ya ɓoyuwa a cikin Injiniya. Ya bi gida gida ya gayyaci mutanen layi, ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, su zo su ga yadda ake zama a wannan zamani.

Ranar da safe ya kai wa Tela agogo kamar kullum, don ya samu lamba mai kyau da zai nuna wa jama'a. Ya yi niyyar karɓowa ƙarfe ɗaya. Sai dai mutane sun ƙagu, tun sha biyu da rabi suka fara sallama, ya rasa sararin tsallakawa. Ya shiga ɗaki ya sa riga mai dogon hannu ya ɓalle maɓallin wuyan hannu. Kafin ƙarfe biyu mutum goma sha takwas sun cika falo, wasu kan kujera, wasu kan tabarma, wasu a tsaye jikin bango. Tela ne ya shigo na ƙarshe, idanunsa jajur, don tun sassafe yake kan keke yana fama da kayan wata makaranta. Injiniya ya yi masa alama da ido ya nuna ƙafa. Tela ya dubi mutanen da ke kewaye da shi ya girgiza kai, ya samu kusurwar kujera mai laushi ya nutse.

Injiniya ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ko a manyan ƙasashe ba kowane gida ke da shi ba. Masinja, labule!"

Fanka ta tashi. Aka yi tafi.

"Labule ka ce fa," in ji Mai Kemis.

"Kalmar sirri ce, saboda ɓarayi. Masinja, gaya wa jama'a takin da na yi yau."

"Maigida ya yi taki dubu goma sha tara, Yallaɓai."

Falo ya ɗauki salati da tafi. Wani dattijo ya ce shi ko a wata ba ya yin haka. Mai Kemis ya karkace kai.

"Injiniya, yaushe? Tun safe ina hango ka ta taga kana jera kujeru."

"Kai da ido kake gani, shi da kimiyya yake gani."

To shi Tela, shekara arba'in a kan keke ta sa ƙafarsa ba ta iya zama shiru. Ko yana zaune sai ta riƙa kaɗawa. Maman 'Yan Biyu ta ce a sake tambaya, ita ba ta ji da kyau ba.

"Maigida ya yi taki dubu goma sha tara da ɗari biyu, Yallaɓai."

"A'a! Ya ƙaru," in ji ta. "Kuma ga ka nan tsaye wuri ɗaya kamar turke."

Injiniya ya share goshi. "Wannan sabon samfuri ne. Har takin da mutum ya yi niyya yana ƙirgawa."

Don kada a sake tambaya, sai ya shiga jawabi. Ya faro daga yadda aka ƙirƙiro wutar lantarki, ya biyo ta kan rediyon da ya kwance yana ɗan shekara tara, ya gangaro kan shawarar da ya taɓa ba wani babban darakta aka ƙi ji, daga baya aka yi nadama. Minti arba'in yana magana. Fanka na kaɗawa a hankali, kujera ga laushi. Kan Tela ya fara rinjaya gefe, ƙafarsa ta yi shiru.

Injiniya yana tsakiyar cewa, "Saboda haka, jama'a, gidan nan ba ya yin komai sai da izinina," sai ɗan akwatin ya yi ƙara, ya yi magana cikin sanyin murya.

"Maigida ya yi barci. Kada a dame shi."

Labule ya ja kansa ya rufe ruf. Fitilu suka mutu. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Daga bakin ƙofa aka ji ƙaras.

Falo ya yi duhu.

"Wannan ma yana cikin wasan?" wani ya tambaya.

"Ƙwarai," in ji Injiniya. "Yanzu za ku ga yadda ake warwarewa. Masinja, buɗe ƙofa."

"Yi haƙuri, maigida yana barci."

"Ni ne maigidan!"

"A rage murya. Maigida yana barci."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Amma mutum goma sha takwas a rufaffen falo da tsakar rana, dariyar ba ta daɗe ba. Gumi ya fara tsatstsafowa. Mai Kemis ya ce shagonsa a buɗe ya baro. Dattijon nan ya ce shi fa yana son zagayawa.

"Ina ɗan mabuɗi?" Malama ta tambaya.

"Wane ɗan mabuɗi? An wuce wannan zamanin. Akwai dai na ko-ta-kwana guda ɗaya."

"Yana ina?"

"Cikin mota."

"Motar tana ina?"

Kowa ya san tana waje. Ya zaro waya ya fara latsawa, gumi na ɗiga kan gilashi. Daga bayan gida aka ji gurnani.

"Shanyata!" Maman 'Yan Biyu ta yi ihu. "Injiniya, wallahi famfon nan ne!"

Ya sake latsawa don ya kashe. Famfo bai mutu ba, sai na'urar shara ta taso cikin duhu ta fara bin ƙafafun mutane tana tunkura. Wata ta ƙwalla ƙara ta ce ɓera. Nan take falo ya hargitse, masu hawa kujera na yi, masu hawa tebur na yi, wani ya taka farantin biskit, wani ya rungume Mai Kemis yana kiran sunan matarsa.

"Kowa ya tsaya!" Malama ta daka tsawa da muryar da take tsayar da ɗalibai ɗari shida. Aka tsaya. "Abin nan ya ce wani yana barci. To wa ke barci a ɗakin nan?"

Cikin shirun sai aka ji munshari, siriri, mai natsuwa, daga kusurwa. Fitilun waya suka haska wurin gaba ɗaya. Ga Tela, baki a buɗe, tabarau ya zamo kan hanci.

"Tela ne," in ji Mai Kemis. "To me ya haɗa barcin Tela da gidanka?"

"Iskar barcin ce ta ruɗa na'urar," in ji Injiniya, ya yi wuf ya nufi kusurwar. "Tela! Tashi! Tashi, don Allah!"

Ya girgiza shi da ƙarfi, daidai lokacin da na'urar shara ta iso ta tunkuri ƙafarsa. Tela ya farka ya ga duhu, ga fitilu goma a idonsa, ga wani abu na taɓa masa sawu. Ya zabura ya yi tsalle, ya yi tuntuɓe da tebur, ya zube ƙasa warwas.

Jiniya ta tashi a waje kamar za ta tsaga layin. Lasifikar ƙofar gida ta fara shela: "Maigida ya faɗi! Maigida ya faɗi! A kawo agaji!" Ƙofa ta buɗe, labule ya yaye, haske ya shigo. Na ciki suna turereniyar fita, na waje suna turereniyar shiga. Wasu ƙarti biyu masu gyaran babur suka kutso, suka ga Injiniya jiƙe da gumi, ba su tsaya tambaya ba suka sunkuce shi, ɗaya a kafaɗu ɗaya a ƙafafu.

"Ku sauke ni! Lafiyata ƙalau!"

"Haka suke cewa," in ji ɗayan. "Riƙe shi da kyau."

Suka fito da shi suka shimfiɗe a kan bencin ƙofar gida. Wata ta kawo ruwa ta sheƙa masa, wani yana yi masa fifita da kwali, wani ya cire masa takalma. Duk lokacin da ya yunƙura zai tashi sai a mayar da shi a ce ya yi haƙuri. Ruwan tanki kuwa yana ta zuba ta kan katanga, jiniya ba ta fasa ba sai da Malama ta je ta zare filogin Masinja daga bango.

Ba a yi minti ashirin ba tasi ta tsaya, Auta ta fito da kayan aiki a jikinta, idanunta sun kaɗa. Ta ratsa taron ta durƙusa gabansa.

"Baba! Ina ne ya bugu? Kana jin hannunka? Kalle ni."

"Auta, ƙaramin kuskure ne na na'ura."

Ta kama wuyan hannunsa za ta duba bugun jini, ta ɓalle maɓalli ta naɗe hannun rigar. Ba agogo. Ta duba ɗaya hannun. Babu.

"Ina agogon?"

"Yana... yana kusa."

Ta zaro wayarta ta latsa wurin neman agogo. Daga cikin taron aka ji ɗan kuka, tit, tit, tit. Mutane suka fara waige-waige suna matsawa gefe, har aka bar mutum ɗaya tsaye a fili: Tela, riƙe da karyayyen tabarau, ƙafar wandonsa na kuka. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ɗage wandon a hankali.

Layin ya fashe da dariya. Maman 'Yan Biyu ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, ta manta da shanya. Mai Kemis yana dariya yana tari.

"Injiniya, wato har tafiya ma kwangila ka bayar!"

"Gwaji ne na kwatanta ƙafa da ƙafa," in ji Injiniya daga kan benci, amma muryar ba ta fita sosai ba.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta nufi Tela.

"Baba Tela, tun yaushe agogon nan yake ƙafarka?"

"Sati uku ke nan, 'yata. Ni ma ban so ba."

"Kullum?"

"Daga safe zuwa yamma."

Ta duba wayarta. "Jiya na nuna wa likita bugun zuciyar da agogon ke turo mini, ya ce tana tsalle-tsalle, in kawo Baba ranar Litinin a duba shi. Ashe ba tasa ba ce. Kana jin jiri wani lokaci? Ko numfashi ya riƙa yi maka wuya?"

Tela ya sosa ƙeya. "In na tashi daga keke, wani sa'in. Na ɗauka yunwa ce."

"Litinin ku biyu zan kai."

Haka kuwa aka yi. Likita ya ce an yi sa'a an gano na Tela da wuri, ya ɗora shi kan magani, ya ce ya rage zama, ya riƙa tattaki. Injiniya kuma suga na nan inda yake, har ya ɗan ƙara. Ya roƙi arziki aka ƙara masa wata ɗaya, bisa sharaɗin Malama ce za ta riƙa ɗaura masa agogon da hannunta kowace safiya, ta kuma tsaya a ƙofa ta ga fitarsa.

Yanzu kullum da safe sai ka gan su su biyu suna zagaya layin, Tela a gaba, Injiniya a baya yana haki. Sati na farko bai ce wa kowa uffan ba. A sati na biyu bakinsa ya dawo. Suka zo wucewa ta gaban kemis, magidanta na zaune kan benci, ya tsaya ya dafa kafaɗar Tela.

"Kun ga mutumin nan? Ni na gano ciwonsa. Likitoci da duk karatunsu, sai da na yi sati uku ina bincike a ƙafarsa kafin su farga."

"Bincike," in ji Tela. "To madalla. Gobe sai ka ɗaura wa Mai Kemis, mu ji shi kuma me ke damunsa."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafun da ke jere a gaban bencin, yana shafa gemu, da gaske tunani yake. Ɗaya bayan ɗaya, magidantan suka janye ƙafafunsu zuwa ƙarƙashin benci.